Binciken ƙwayoyin gado da neman maganin amosanin jini a Yamai

Na shiga binciken ƙwayoyin gado ne ta hanyar cutar amosanin jini, wadda kusan kowane gida a Yamai ya san wani da ke fama da ita. Tun muna ɗalibai a Jami'ar Abdou Moumouni aka koya mana cewa tushenta sauyin harafi ɗaya ne tak a ƙwayar gadon da ke sarrafa sinadarin himogulobin, mai ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, kuma masanin kimiyya Vernon Ingram ya gano gurbin wannan sauyi a sinadarin tun 1956. Abin da aiki ya koya mini daga baya shi ne, sanin tushen cuta bai cika kai mutum ga magani da wuri ba.

Yawancin yinina ba ya wuce karɓar jini, da rubuta lamba a kan kwalba, da ware DNA, da lura da firjin da dole ya tsaya a ma'aunin 80 ƙasa da sifili ko da wuta ta ɗauke a tsakiyar zafin watan Afrilu. Matasa masu zuwa koyon aiki sukan raina wannan sashe, alhali samfurin da ya narke, ko wanda aka ɗauka ba tare da an yi wa uwar yaro bayani da Hausa ko Zabarmanci har ta amince ba, ba shi da wani amfani.

Tambayar da ta fi riƙe ni ita ce dalilin da ya sa yara biyu masu SS, wato waɗanda suka gaji cutar daga uwa da uba, sukan bambanta, ɗaya kullum yana kwance a asibiti, ɗayan kuwa sai jifa-jifa. Wani ɓangare na amsar yana ga himogulobin ɗin ɗan tayi, wanda jiki ke rage yinsa a watannin farko bayan haihuwa. Duk wanda nasa ya saura da yawa, ƙwayoyin jininsa ba sa saurin lanƙwashewa kamar lauje. A 2008 masu bincike suka nuna cewa ƙwayar gadon BCL11A ce ke sa jiki ya daina yinsa, daga nan aka samu wurin da magani zai nufa. Sai a ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy, wanda ke gyara wannan wuri da CRISPR, fasahar yanka da gyara ƙwayar gado. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, wato fiye da miliyar ɗaya na sefa a kan mutum guda, ban da dashen ɓargo da yake buƙata.

Shi ya sa hankalina ya koma kan tsohon magani, hydroxyurea, wanda shi ma yake ƙara himogulobin ɗin ɗan tayi, kuma Amurka ta amince da shi tun 1998. Gwajin REACH da aka yi a Angola, Kwango, Kenya da Uganda ya nuna cewa yaran Afirka na shansa lafiya, har zazzaɓin cizon sauro ya ragu a cikinsu. Sabon magani kuwa ba tabbas ne da shi ba, domin a 2024 kamfanin Pfizer ya janye Oxbryta, wani maganin amosanin jini, daga kasuwa bayan shekara biyar da amincewa da shi.

Aikin da nake yi yanzu shi ne auna yawan wannan himogulobin a jinin yaran da ke shan hydroxyurea, tare da duba ko bambancin ƙwayoyin gadonsu na da hannu wajen yadda maganin ke karɓar kowannensu, don likita ya san adadin da zai rubuta.