Kowane Bugu da Jama'arsa: Yadda Muke Jera Littattafan Dungeons & Dragons a Shagonmu na Jos

Asalin sana'armu ɗinkin littafi ne da sa masa bango, amma a 'yan shekarun nan an fi sanin shagonmu da kayan wasan Dungeons & Dragons, inda mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa na riƙe da jaruminsa, dayis (abin jefawa irin na ludo) mai fuska ashirin kuma yana yanke hukunci a kan abin da suka yunƙura yi. Muna sayar da littattafan, muna gyara waɗanda suka tsufa, muna kuma ɗinka jakar fata ta zuba dayis.

Wanda ya bi lambar da ake laƙaba wa sabon littafi zai ce bugu biyar ne kawai, amma 'yan wasan da ke tattaunawa a intanet suna da nasu rabon, kuma shi muke bi wajen jera kanta. Sukan fara raba zamanin kamfanin TSR da na Wizards of the Coast, wanda ya saye shi a 1997. Na farkon fari, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali, ana kiransa OD&D ko bugun sifiri. Daga 1977 wasan ya rabu gida biyu, Advanced, wanda daga shi ake fara ƙirga bugu na ɗaya, da Basic, shi kuma Basic ba a kiransa da lamba sai da sunan wanda ya tsara shi: na Holmes a 1977, na Moldvay a 1981 wanda ake ce wa B/X, sai na Mentzer mai jan kwali a 1983, wato BECMI. Masoya waɗannan su ne 'yan tsohon yayi da ke kiran tafiyarsu OSR, kuma har gobe suna jayayya a kan ko bugu na biyu na Advanced, na 1989, yana cikinsu. Ni dai a kantarsu nake ajiye shi, domin lissafin sulkensa, wato makin kariyar jarumi, irin nasu ne, ƙaramar lamba ita ce mai ƙarfi.

Bugu na uku ya fito a 2000, ya juya lissafin nan, aka gyara shi a 2003 ya zama 3.5. Da na huɗu ya zo a 2008 mutane da yawa suka ƙi shi, suka koma wasan Pathfinder na kamfanin Paizo, na 2009, har suka yi masa laƙabi da 3.75. Shi ya sa za ka same shi kusa da 3.5 a wurinmu, duk da cewa ba gida ɗaya suka fito ba. Sanin wannan ne ke gaya mini abin da zan miƙa wa mutum: mai na huɗu ba ya rabuwa da shimfiɗar taswira mai gidaje inci ɗaya-ɗaya, ɗan tsohon yayi kuwa takarda da fensir sun ishe shi.

A wajen wani dattijo kusa da kasuwar Terminus na koyi ɗinki, lokacin da aikinmu bai wuce kundin ɗaliban jami'a da rajistar makarantu ba. Ba ya yarda a shafa gam sai an ɗinke kowane ƙunshin takarda da zare, kuma yakan kama littafi ta bango ɗaya ya girgiza, idan shafi ya motsa ya ce, “Yaro, warware ka sake.” Wannan horon nake amfani da shi a kan ƙananan littattafan zamanin TSR, waɗanda wayar da aka maƙale su da ita kan yi tsatsa ta ci takardar. Nakan zare wayar a hankali, in liƙa siririyar takarda a kan ramin, in ɗinke ta ramukan asali, sannan in danne shi ya kwana ƙarƙashin nauyi saboda kada hunturun Jos ya lanƙwasa bangon.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bugu na biyar, domin akwai na 2014, akwai kuma gyararre na 2024 da wasu ke kira 5.5. Wani dillali ya sha haɗo mini su a kwali ɗaya yana cewa duk na biyar ne, alhali a sabon an ɗauke ƙarin makin jarumi daga irin halittarsa (mutum ne ko wata halitta) an mayar kan tarihin rayuwarsa. Ga kuma masu gurza littafin a injin kwafi su manne da gam, sai mai saye ya zo yana taya nawa da farashinsu, yana cewa, “Haba Malam, ai rubutun ɗaya ne.” Bayan wata biyu shi ne zai dawo da shafuka a leda yana neman ɗinki. Saboda haka kafin in sayar wa kowa littafin ɗan wasa nakan sa ya kira mai ja masu labari ya tambaye shi bangon da ke teburinsu: mai hoton ƙaton mutumin wuta shi ne na 2014, mai dodon zinariya kuma na 2024.