Baƙin da ke zuwa Hambug don ganin jirgin ƙasa ɗan mitsitsi

Ƙananan bas biyu gare ni, da direba ɗaya ban da ni. Aikinmu ɗauko baƙi daga filin jirgin sama, kai su masauki, da zagayawa da su gari. Yawancin mutanenmu da ke zuwa Hambug, a Jamus, 'yan kasuwa ne, motoci na hannu da kayan gyara suke nema. Amma akwai wasu baƙi da na daɗe ban gane kansu ba, wato masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, irin waɗanda ake shimfiɗa wa layin dogo a kan tebur.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin reluwe a Zariya shi ya buɗe mini ido. Ɗansa ya bugo waya ya ce Baba na so a kai shi Miniatur Wunderland, gidan baje kolin irin waɗannan ƙananan jirage. Na ce ba damuwa, awa biyu ta isa. Ko tikiti ban tanada ba, sai da muka sha zaman jira. Da hantsi muka shiga. Har la'asar ina ta duba agogo, Baba kuwa yana durƙushe gaban wata mahaɗar layi, yana jiran ya ga yadda za a canja wa jirgi hanya. Na ce, "Baba, ko mu kama hanya?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Yaro, je ka sha shayi." Ranar wani aikin ɗauko baƙo ya wuce ni, kuma laifina ne.

Ban ga laifin Baba ba da na tsaya na duba wurin da kyau. Wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe shi a 2001 cikin tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya na unguwar Speicherstadt. An rage girman komai sau 87, har mutum bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, amma in aka haɗa layin dogon ya haura kilomita 16. Kowane minti 15 dare ke yi: fitilun ɗakin su dushe, tagogin gidaje da fitilun motoci su kama ɗaya bayan ɗaya. A sashen ƙasashen arewacin Turai ruwan gaske ne jiragen ruwa ke yawo a kai. Akwai filin jirgin sama da aka ƙara a 2011, inda jirgi ke gudu ya ɗaga ya ɓace cikin bango. Yara nan suke cincirindo. Masu sha'awar abin kuwa, na lura, sun fi son zagayen da ake yi ta bayan fage, inda ake ganin wayoyi da layukan da jirage ke fakewa.

Tun daga nan na sauya tsari. Irin waɗannan baƙi kuɗin yini nake yanka musu, ba na awa ba. Tikiti ta intanet nake saya kwanaki kafin su sauka, kuma na sassafe ko na dare, lokacin da mutum zai samu ya matsa jikin gilashi. In ajiye su, in tafi harkata, su kira ni in sun gaji.

Sannan na daina kai su can da mota, duk da motar ce abincina. Daga babbar tashar jirgin ƙasa muke farawa, wadda aka buɗe a 1906, mu tsaya a kan gadar cikinta muna kallon jirage na shige da fice a ƙarƙashinmu. Sai mu hau U3, layin jirgin cikin gari da ke aiki tun 1912, wanda ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ya hau gadar ƙarfe a bakin kogi, mu sauka a tashar Baumwall mu taka zuwa wurin. In baƙo ya shiga ya tarar da babbar tashar nan an ƙera ta 'yar ƙarama, murnarsa daban ce. Mai kwana biyu nakan kai shi Maschen, kudu da gari, wurin rarraba taragun kaya mafi girma a Turai, ko da yake daga nesa ake kallo. Salla da abincin halal kuwa titin Steindamm na nan kusa da tasha.

Sayayya ce ke da tarko. Yawancin shaguna a Jamus ba sa buɗewa ranar Lahadi, don haka Asabar nake sa ta. Kuma kafin baƙo ya zaro kuɗi nakan tambaye shi wane irin layi ke gare shi a gida, domin na kamfanin Märklin yana da 'yan ƙusoshi a tsakiya da ke ba jirgi wuta, kuma jirginsa ba ya tafiya a layin kamfanin Roco ko na Fleischmann, ko da girmansu ɗaya.

Baba ba shi da layi ko kaɗan a gida. Kan jirgi ɗaya ya saya, baƙi mai jan ƙafafu, irin mai amfani da gawayi. Ya ƙi yarda a sa shi cikin akwati. A cikin hularsa ya naɗe shi, ya riƙe a cinya har filin jirgi.