Zomon Gonar Kawu

Shekara 11 ke nan ina ɗaukar hoton biki a Kano. Kamu, ɗaurin aure, suna, walimar saukar karatu, babu inda ban shiga da kyamara rataye a wuya ba. A wannan sana'a duk wanda ka ɗaga wa kyamara so yake a gan shi. Amarya za ta gyara lulluɓi ta juyo maka da gefen da ta fi so, abokan ango su jeru kowa na miƙo wuya. Da hunturun bara na je gida, ƙauyenmu da ke tsakanin Gumel da Maigatari, na ce bari in gwada hoton zomo. Nan na gamu da halittar da babu abin da ta ƙi jini kamar a gan ta.

Kwana huɗu na farko ban samo komai ba sai ƙura da farin ƙasan wutsiya. Ina cikin tafiya a gonar da aka girbe, sai kawai abu ya tashi fit daga gindin ƙafata, ya yi dama ya yi hagu, kafin in ɗaga kyamara ya shige kalgo. A daren na huɗu ina zaune ina goge hotuna, Kawu, ƙanin mahaifiyata wanda ya yi farauta tun yana saurayi har gwiwa ta hana shi, ya leƙo ya ce:

"Kai ɗan nan, zomo kake nema ko korarsa kake yi?"

Na ce, "Kawu, ai ku kuka ce zomo ba ya kamuwa daga zaune."

Ya ce, "Wannan maganar mai gora ce da kare. Kai da hoto kake so, zama za ka yi. Kai, kwanciya ma za ka yi."

Washegari bayan sallar asuba ya ɗauki sandarsa muka fita. Bai nuna mini zomo ba, ƙasa ya riƙa nuna mini. Ga kashinsa, ƙanana kewayayyu busassu, ka murtsuka ka ga ciyawa zalla. Ga sawunsa a kan rairayi, inda ƙafafun baya suke sauka gaban na gaba idan yana tsalle. Ga inda ya gwaigwayi ragowar harawar wake. Sai can ƙarƙashin wata sabara ya nuna mini wani ɗan lotsi a ƙasa, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, ya ce makwancinsa ke nan. Zomon daji ba ya haƙa rami kamar zomon gida da muke kiwo. Wuri yake ɗan kwarfewa ya lafe, ya kwantar da kunnuwa a gadon baya, ya zama kamar hoge. 'Ya'yansa ma a fili ake haifarsu, da gashinsu, idonsu a buɗe. Uwar takan bar su a ɓoye cikin ciyawa sai duhu ya yi ta zo ta shayar da su, shi ya sa idan yara suka tsinci ɗan zomo suka ce maraya ne, yawanci uwarsa na nan da ranta.

Abin da ya fi amfanata cikin karatun Kawu shi ne maganar ido. Idanun zomo a gefen kai suke, yana ganin kusan ko'ina a kewayensa ba tare da ya juya ba. Babu zancen ka lallaɓo ta baya. Amma ya yarda da ɓuyansa ƙwarai, in dai yana zaton ba ka gan shi ba, ba zai tashi ba. Saboda haka ba a doso shi kai tsaye, ba a kuma kafa masa ido. Ratsawa za ka yi ta gefe kamar mai wucewa burtali, kana rage tazara a hankali, sannan ka durƙusa, ka bari numfashinka ya daidaita, ka kwanta rub da ciki.

Kwanciyar nan ita ce rabin tsarin hoton. Idan ka ɗauki zomo a tsaye, daga sama kake kallonsa, sai ya fito ɗan abu a kan ƙasa, bayansa duk tsakuwa da tushiyar kara, komai ya fito tar yana jan ido. Idan ka sauko daidai idonsa kuwa, abin da ke bayansa ya yi nisa, ya narke ya zama launi kawai, ciyawar da ke gabanka ma ta yi dishi-dishi, shi kaɗai ya rage a tsakani. Mai kallo sai ya ji kamar shi ma a cikin gonar yake kwance. Kuɗin wannan hoto ƙarangiya ce. Duk wanda ya san jigawar ƙasarmu da rani ya san abin da nake nufi, sai da na riƙa shimfiɗa tsohon buhu, na kuma cika wata 'yar jaka da gero ina ɗora gilashin kyamara a kai, domin ƙafar kyamara ta yi tsawo ga wannan aiki.

Gilashin da nake amfani da shi mai jawo nesa ne, milimita 400, na hannu na saya. Ina buɗe shi iya buɗewarsa, f/5.6, in sa saitin a kan ido, idon da ya fi kusa da ni. Idan ido bai fito tar ba, hoton ya mutu, ko da kowane silin gashi ya fito. Wajen saurin ɗauka, wato ɗan lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, zomon da ke zaune 1/500 na daƙiƙa ya ishe shi. Wanda ke gudu kuwa ban taɓa samun mai kyau ƙasa da 1/2000 ba, kuma da sassafe wannan na nufin ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya haura 1600, wani lokaci 3200, abin da ke sa hoto ya yi yashi-yashi. Na gwammace hoto mai yashi-yashi a kan hoto mai rawa. Fitilar kyamara ba na kunna ta ko kaɗan: tana mayar da idonsa ja, tana kashe inuwa, kuma dabbar da da dare take kiwo bai kamata a dalle mata ido ba.

Sai kunnuwa. Mu masu hoton biki mun saba cika firam da fuska, ko an ɗan yanke saman ɗankwali babu laifi. Zomo ba haka yake ba. Kunnensa shi ne labarinsa. Idan ya kwantar da su, tsoro yake ji. Idan ya miƙe ɗaya ya juya ɗaya, yana sauraron abu biyu ne lokaci guda. Idan duka biyun suna tsaye yana tauna, hankalinsa a kwance yake, kuma wannan ne hoton da nake nema. Don haka kullum ina barin fili a sama, saboda cikin ƙiftawar ido zai iya miƙe su, in kuwa baƙin tsinin kunnen ya fita daga firam, babu gyaran da zai dawo da shi. Ina kuma barin fili a gefen da yake fuskanta, in ajiye shi wajen kashi ɗaya cikin uku na hoton, don ya samu inda zai kalla da inda zai gudu. Zomon da hancinsa ya taɓa bakin hoto kamar wanda aka ritsa a lungu yake.

Maganar haske, safiya ta fi mini yamma. A nan yankinmu rana ba ta jinkiri wajen faɗuwa, tsakanin faɗuwarta da duhu bai fi minti 20 da 'yan kai ba, ga magariba tana kira. Da safe kuwa, a watan Janairu rana na fitowa wajen bakwai saura, daidai lokacin da zomo ke komowa makwanci daga kiwon dare. Hazon hunturu, ƙurar nan da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, maƙiyin kyamara ne, ba na kuskura in canza gilashi a fili. Amma yana tace rana kamar an rataya mata farin mayafi, sai haske ya sauko da laushi. A safiya ta tara na kwanta ina fuskantar gabas, zomon ya zo ya zauna tsakanina da rana, bai fi taku 15 ba. Hasken ya ratsa kunnuwansa suka yi ja kamar garwashi, jijiyoyin jini suka fito ɗaya bayan ɗaya kamar na ganyen kuka. Ta waɗannan jijiyoyi yake fitar da zafin jikinsa. Na rage haske kaɗan don kada kunnen ya ƙone ya zama fari, na danna sau shida. Ya ji ƙarar, ya juya kunne ɗaya wajena, ya ci gaba da tauna.

Da na koma Kano na buɗe hoton a Lightroom, manhajar gyaran hoto ta kwamfuta, hannuna ya bi abin da ya saba. Na ƙara haske, na ƙara launi, na janye hazo gaba ɗaya, na goge wani karan ciyawa da ya gitta ta kan ƙirjinsa, na sumulce yashi-yashin har gashin ya yi santsi. Na tura wa abokan sana'a, kowa ya ce ya yi kyau. Ni kuwa na kasa daina kallonsa da damuwa. Zomon ya koma ruwan lemo, sama ta yi shuɗi irin na damina alhali ranar ko inuwar kirki babu, gashinsa ya zama kamar na 'yar tsana. Zomon da ke da wannan launi ba zai kwana biyu a gonar Kawu ba tare da shaho ko kare ya gan shi ba. Launinsa na gaskiya toka-toka ne da ruwan ƙasa da ɗigon baƙi, sai ɗan ja-ja a ƙeya, daidai da busasshiyar ƙasa da kara. Da shi yake rayuwa, ni kuma na cire masa shi don a yaba mini.

Na koma kan asalin fayil ɗin, domin a RAW nake ɗauka, wato ɗanyen hoto yadda kyamara ta kama shi ba gyara, na fara daga farko. Na daidaita fari da farin cikinsa, na bar ɗan ɗumin safiya. Na ɗaga inuwar fuska kaɗan, iya yadda ido zai fito da ɗan ƙyallinsa. Na sauke hasken kunnuwa har jijiyoyin suka dawo. Hazo na bar fiye da rabinsa, don da hunturu aka ɗauka. Yashi-yashi a bayan hoton kawai na rage, ban taɓa gashi ba. Na datse gefen dama kaɗan, na goge ɗigo biyu na ƙurar da ta shiga cikin kyamara, domin su ba a gonar suke ba. Karan ciyawar nan kuwa na mayar da shi inda yake. A bayansa zomon ya zaɓi ya zauna, kuma saboda shi ne ya yarda ban gan shi ba.

Akwai abin da ya fi gogen ciyawa muni, kuma an kawo mini shi har gida. Wasu samari da suka ji ina neman zomo suka zo da wani da suka kama da rai, suka ce a ɗaura masa zare a ƙafa a turke shi a gona, in ɗauka, in ya so in goge zaren a kwamfuta. Da kyakkyawar niyya suka zo, sun ga ina shan wahala. Amma na dubi zomon, kunnuwa a manne, ido a zare, haƙarƙari na sama da ƙasa, na ce ba zan iya ba. Wannan ha'inci ba a ƙauyenmu aka fara tunaninsa ba. Babbar gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa duk shekara ta ƙwace kyautar 2009 daga wanda ya ci, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke hotonsa na kiwo ne. A 2018 ma ta sake ƙwace wata, ta hoton da aka ɗauka a Barazil na wata dabba mai cin gara, bayan masana sun ce mushe ce da aka busar aka tsayar a jikin suri. Suna kuma neman asalin fayil kafin su ba da kyauta. Na biya samarin kuɗin zomon, muka kai shi bayan gari muka sake shi.

Kawu ya ce a da, lokacin da ake barin saura tana hutawa, mutum ba zai ratsa gona uku bai tashi zomo ba. Yanzu an nome ko'ina har bakin burtali, ga ƙunar daji da rani, sai ka yini ba ka ga sawu ba. Wannan ma na cikin abin da ya sa nake son hoton ya nuna gonar yadda take, da sabararta da tushiyar geronta.

Da ƙaramar salla na wanke hoton babba na kai masa. Ya riƙe shi nesa da fuska, ya ɗan jima yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a kan kunnen hagu, inda akwai wata 'yar tsaga da ni ban ma lura da ita ba.

"Wannan ai na gindin sabarar gabas ne," in ji shi. "Kare ne ya yi masa wannan, shekarar da ta wuce waccan. Ashe yana nan."

Ya kira jikansa ya ce ya nemo ƙusa.