Hattara da mai cewa "ƙara ɗaya"

Duk wanda ya ce min kunya ce ke hana shi shiga jim, wato gidan motsa jiki, shi kaɗai, nakan ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ni ma da tumbina na shiga, ina ta jan riga ƙasa, ina zaton kowa ni yake kallo. Ashe kowa ta madubinsa yake yi. Wanda za ka ji wa tsoro shi ne mutumin kirkin da zai taso ya ce bari ya taimaka maka.

Nawa wani matashi ne mai faɗin ƙirji. Ba ma'aikacin wurin ba ne, shi ma kuɗinsa ya biya kamar ni. Ya tarar ina tsuguno da sandar ƙarfe a kafaɗa ba komai a jikinta, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Yallabai, wannan ai wasan yara ne." Ya zura min faifan ƙarfe hagu da dama. Abin da bai faɗa min ba, sandar nan ita kaɗai kilo 20 ce, kuma ga wanda ya yi shekaru daga kujerar ofis sai kujerar mota, wannan ma ya ishe shi. Duk sanda ƙafafuna suka fara rawa sai ya daka tsawa, "Ƙara ɗaya, Yallabai, ƙara ɗaya!" A watan Afrilu ne fa, ga zafin Kano, ga an ɗauke wuta fanka ta tsaya.

Ciwon jiki bayan motsa jiki ba baƙon abu ba ne, yakan yi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72 sannan ya lafa. Nawa bai lafa ba. Cinyoyi suka kumbura, sallah sai a zaune, bandaki kuwa kada ma a tayar da zancen. Da fitsarina ya koma kalar shayin da ba madara, uwargida ta ce ko in tashi mu tafi asibiti ko ta kira Yaya. Likita ya ce tsoka ce ta farfashe, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini yana neman illata ƙoda. Aka kwantar da ni ana ta ƙarin ruwa. Ya ce sa'a ɗaya na yi da ban ɗora maganin ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen a kai ba, don a irin wannan hali ƙara wa ƙoda nauyi suke yi.

Da na warke na koma, amma da takarda a aljihu. Abin da zan yi a rubuce yake tun daga gida, ba ƙari. Ka fara da injuna, su ke riƙe maka hanya. In ba ka gane yadda ake daidaita kujera ba, tambayi ma'aikacin wurin, aikinsa ke nan. Ka ajiye ƙarfe tun kana jin za ka iya biyu ko uku nan gaba. Gaɓar da ka wahalar yau ka ba ta hutun gobe, kuma kada gorar ruwa ta bar hannunka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da ta nema daga baligi shi ne aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Ba ta ce ka kashe kanka a makon farko ba.

Mutumin nawa yana nan, muna gaisawa. Ya sake matsowa rannan da faifai a hannu, na ɗaga masa takardata na ce, "Na gode ƙanina, tsarina nake bi." Har yau bai san cewa kuɗin da na kashe a asibiti ya fi na rajistar da na biya a wurin ba.