Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙwan Agwagwa

Jama'a, barkanmu da wannan mako. Na san na yi alkawarin shiga labarin bikin Rabi, amma ku yi mini uzuri, maganar Yaya Asabe ta tsaya mini a wuya, sai na fitar da ita.

Da aka gama rabon gadon Malam aka miƙo mini tumunin takaba, kowa a gidan ya riga ya san abin da ya kamata in yi da shi. Wannan ya ce firji, wancan ya ce tumaki. Ni kuwa na aiki ɗana Auwalu Kano ya sayo mini injin ƙyanƙyasa, ƙarami, mai cin ƙwai 48, da batir. Yaya Asabe ta taso takanas daga Ƙofar Ran don ta gan shi. Ta zagaya shi, ta taɓe baki ta ce, "Ke dai Hauwa ba kya jin magana. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Ba ranar ta fara gaya mini haka ba. Ina amarya, kazar da Innata ta haɗo ni da ita daga Dass ta tara ƙwai za ta hau kwanci, Yaya ta kwashe ta soya wa baƙinta. Da na yi magana, wannan karin maganar ta jefe ni da shi a gaban Malam, shi kuma ya yi dariya. Allah Ya jiƙansa, na yafe masa dariyar.

Ƙwan kaza kowa ya zaci zan zuba, sai na zuba na agwagwa. Ban saya a Muda Lawal ba, don ƙwan kasuwa ba ka san kwanansa ba, ba ka kuma san ko toro ya bi uwar ba. Wajen wata mata na samo a wani ƙauye kusa da dam ɗin Gubi, na ga toronta da idona. Zafin injin digiri 37.5 ake so, wannan bai ba ni wuya ba. Danshi ne aiki, ga shi tsakiyar hunturu, iskar Bauchi ta bushe ƙamas har leɓe na tsagewa. Ruwan farantin da ke cikin injin kafin la'asar ya ƙafe, sai na riƙa ƙara soso jiƙaƙƙe. Na sa wa kowane ƙwai alama da fensir, ina juyawa bayan asuba, bayan azahar, bayan isha. Da aka wuce kwana 10 na kashe fitila na haska su da tocila ɗaya bayan ɗaya. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu, wanda ya yi fayau kuwa ba komai a ciki, sai a fitar da shi kafin ya ruɓe ya ɓata saura. Daga nan kullum nakan buɗe su sha iska kaɗan, in yayyafa musu ruwa mai ɗumi, don ita ma uwar in ta sauka cin abinci da jiƙaƙƙen gashi take komawa. In aka ɗauke wuta batir ya yi sanyi, bargon Malam nake lulluɓa wa injin.

Rigimar daga takardar injin ta taso. An rubuta kaza kwana 21, agwagwa 28. Ranar 28 ta zo ta wuce shiru. Auwalu da kansa ya ce, "Umma, baragurbi ne, mu zubar." Wa ya kai wa Yaya labari, har yau ina da wadda nake zargi, tana kuma karanta wannan shafin. Sai ga ta da jikoki. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Na gaya miki, ƙwai a baka." Ba ta ƙarasa ba, ta san na san sauran.

Abin da ba su sani ba, takardar nan agwagwar Turawa take nufi. Tamu ta gida, mai jan tsiro a fuska, wadda toronta ba ya kuka sai huci, kwana 35 take yi. Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma tun ina yarinya take cewa kwancin agwagwa sati biyar ne. Lissafinta na bi. Sai ranar 32 na daina juyi, na cika farantin da ruwa, na hana kowa ɗaga murfi.

Da 'ya'yan suka fara huda ƙwan ma ba su fito nan take ba. Ɗan agwagwa yakan kwana, wani ya kwana biyu, bakinsa kawai kake gani. Rabi ta so ta ɓare musu, na buge hannunta, don in aka yi gaggawa jini ne zai zuba. Fiye da rabi suka fito. Na sa su a kwali da buntun shinkafa da fitila, ruwan sha a murfin kwano da tsakuwa a ciki. Wanda ba uwa ce ta ƙyanƙyashe shi ba gashinsa ba shi da maiƙo, in ya faɗa ruwa sanyi ne zai kashe shi.

Shekarun da suka biyo baya ba abin faɗi, kiwo ne da bashin dusa. Sai bara, da za a yi sunan jikarta, Yaya ta aiko yaro wai in ba ta toro biyu. Na zaɓa mata manya, na kuma gaya wa yaron kuɗinsu. Ta aiko da rabi, saura har yau.