Doki ɗaya ya isa ya shaƙe sarki

Masu koyon darar ces da nake haɗuwa da su a intanet, yawancinsu haddar buɗe wasa suka sa a gaba. Ni kuwa ina ganin ɓata lokaci ne ga wanda har yanzu yake ajiye sarauniyarsa a inda doki zai kai mata hari tare da sarki lokaci guda. A matakinmu, dabarar motsi biyu ko uku ce take raba gardama, kuma ana koyonta ne ta hanyar warware matsalolin da aka tsara.

Ga wadda na fi so. Sarkin baƙi yana lungu a gidan h8 (harafi da lamba ne sunan kowane gida a allo), sojojinsa biyu a g7 da h7, hasumiyarsa a f8. Dokin fari yana h6. Sai fari ya jefa sarauniyarsa g8, kamar mai kyauta. Sarki ba zai iya cinta ba, don doki na tsaron gidan, dole hasumiya ta ci. Doki ya dira f7, wasa ya ƙare: mutanen sarki da kansu suka toshe masa ƙofa. Wannan tarko yana cikin littafin dara da Lucena, wani ɗan Sifen, ya rubuta tun 1497, amma har gobe ana faɗawa cikinsa.

Da safe, kafin shayi ya huce, nakan buɗe Lichess, shafin darar ces na intanet wanda kyauta ne, in warware matsaloli. Ƙa'idata guda ce: ba na taɓa komai sai na lissafa motsin har ƙarshe a kaina, haɗe da martanin da ya fi ƙarfi daga abokin karawa. Nakan fara duba hari kan sarki, sannan abin ci, sannan barazana. Puzzle Storm, tseren warware matsaloli na minti 3 a shafin, yana da daɗi, ban musa ba, amma yana koya wa hannu riga ƙwaƙwalwa.

Maimaici ma yana da nasa amfani. Axel Smith da Hans Tikkanen na Suwidin sun bayyana tsarin Woodpecker a 2018: ka warware tarin matsaloli, ka sake bin su cikin rabin lokacin, ka sake, har ido ya riƙa gane siffar kafin lissafi. Akwai gajiya, gaskiya.

Matsalar ita ce a wasan gaske babu mai raɗa maka cewa akwai dabara a nan. Shi ya sa bayan kowane wasa nake komawa in nemo inda damar ta wuce, in ajiye wannan matsayin cikin waɗanda zan warware gobe.