Farar shadda da rana tsaka

Asabar da daddare.

Yanzu na rufe kwamfuta. Idona yana yaji, bayana ya riƙe, amma ina so in rubuta abin da ya faru yau tun da ɗuminsa, kafin ya cakuɗe da na sauran bukukuwa.

Ana idar da sallar asuba na zauna duba kayan aiki: batira huɗu, gilasai biyu, fitila, katunan ajiya. Kyamarata Nikon D750 ce, ta 2014, ta kwana biyu amma har yau ba ta ba ni kunya ba. Abin da ya sa na kasa rabuwa da ita shi ne ramin kati biyu da take da shi. Na saita ta yadda duk hoton da na ɗauka, ɗanyen fayil ɗin, wato RAW, zai tafi kati na farko, matsattsen kuma, JPEG, ya tafi na biyu. Ƙaramar kyamarar da yarona yake riƙewa rami ɗaya gare ta, katin da ke ciki kuma mai gigabait 16 ne. Jiya da yamma ya ce mini idan ya bar ta a RAW katin zai cika tun kafin magariba, ko ya mayar da ita JPEG kaɗai? Na ce ya mayar. Ni na yanke wannan hukuncin, kuma shi ne abin da ya tsaya mini a rai yanzu.

A cikin adaidaita, muna hanyar Gwammaja, ya yi mini tambayar da na san ta daɗe tana cinsa.

"Oga, wai don Allah me ya sa kake wahalar da kanka da RAW ɗin nan? Masu bikin nan fa a WhatsApp za su kalli hotunan. Can ma sai an ƙara matse su."

Tambaya ce mai ma'ana, ban raina ta ba. Na ce masa ya bari mu dawo gida in nuna masa a kan allo, don da baki ba zai gane ba.

An sa ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya, ba a fara ba sai wajen sha biyu saura. Rana ta take, irin ta bazara wadda ba gajimare ko ɗaya a sama. Duk mai ɗaukar hoto a garin nan ya san wannan wahalar. Jama'a sun sha farar shadda wadda aka buge tana ɗaukar ido, hula ko rawani ya jefa inuwa a kan idanu, fatarmu kuma ga yadda take. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara kullum so yake ya mayar da komai tsaka-tsaki, to da ya ga fari ya cika wuri sai ya rage haske, fuskoki su dulmiye cikin duhu. Idan ka buɗe domin fuska ta fito, riga ta ƙone, aikin da aka yi wata da watanni ana yi a ƙirjin babbar riga ya koma farin fili kamar takarda. Idonmu yana ganin duka biyun a lokaci guda. Kyamara sai ta zaɓi ɗaya, ko kuma kai ka zaɓar mata.

Aka shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya, mutane suka miƙe ana gaisawa. Ina cikin inuwar rumfa ina ɗaukar liman da waliyyai, sai na hangi mahaifin amarya can bakin ƙofar masallaci, a tsakiyar rana. Dattijo ne, ya haura saba'in, da farar riga mai aska takwas. Ya kama hannun ango da hannayensa biyu, ya jawo shi kusa, ya faɗa masa wata magana a kunne. Ban ji abin da ya ce ba, ba kuma hurumina ba ne in ji. Amma na ga leɓensa yana rawa, na ga ƙwalla ta taru. Na juya na danna sau uku ba tare da na taɓa saiti ba, don babu lokaci. Kafin in ƙara numfasawa abokan ango sun yanyame su, abin ya wuce.

Na duba bayan kyamara, gabana ya faɗi. Riguna sun fito tas, fuskokin biyu kuwa baƙi ƙirin, sai ɗan farin ido. Na yi ta maimaita wa kaina abin da na sani: hoton da ke fitowa a ɗan allon nan ƙaramin JPEG ne da kyamara take cusawa cikin ɗanyen fayil don ka samu abin kallo, ba shi ne duk abin da ta kama ba. Duk da haka na wuni da abin a zuciyata.

Bayan azahar yayan amarya ya tare ni. Ya ce, "Malam mai hoto, ka taimaka mana da ko guda ashirin ne yanzu. Yayarmu tana Jidda, ba ta samu zuwa ba, tun safe take kira tana kuka." A nan JPEG ya yi ranarsa, dole in faɗi gaskiya. Na haɗa kyamara da waya, na zaɓi arba'in daga kati na biyu, cikin minti goma sun isa hannunsa. Kowane ɗaya bai kai megabait goma ba, kowace waya tana buɗe shi, ba ya jiran gyara. Da ɗanyen fayil kaɗai nake da shi, da sai in tsaya sarrafa su ɗaya bayan ɗaya, baiwar Allah tana can tana jira. Ba a banza kamfanin dillancin labarai na Reuters ya gaya wa masu aika masa hotuna a 2015 cewa JPEG ɗin da ya fito kai tsaye daga kyamara yake so ba. Labari ba ya jira, kuma hoton da ba a jagwalgwala ba ya fi saurin samun amincewa. Wanda ya iya saita haskensa daidai tun a wurin ɗauka, JPEG zai ishe shi a yawancin aiki, kuma na san gwanaye da suke ciyar da iyalinsu da shi kaɗai.

Da yamma aka yi kamu a wani ɗakin taro. Masu kwalliyar wuri sun zuba fitilu masu launin shanshanbale da kore, suna juyawa, ga kuma dogayen fararen fitilu a rufi, ga hasken masu bidiyo. Launi uku ko huɗu a kan fuska ɗaya. Ni ina gaba wajen amarya da ƙawayenta, yarona yana gefe. Can aka riƙo kakar amarya, tsohuwa tukuf, aka kawo ta har gaban jikarta. Ta ɗora tafin hannunta mai lalle a kan amarya tana sa mata albarka. Wata mai ɗaurin ɗankwali babba ta sha gabana, ban samu komai ba. Yarona ne ya samu, kuma daga kusurwa mai kyau ƙwarai. Ya zo da sauri yana nuna mini, fuskarsa cike da murna. Na dafa kafaɗarsa na ce ya yi ƙoƙari, don ya yi ɗin.

Mun iso gida bayan isha. Babu wuta, sai na kunna kwamfuta da batirin sola, na kwafe komai. Nawa hotuna dubu ɗaya da ɗari da 'yan kai ne, kowane ɗanyen fayil yana kusan megabait talatin, jimla ta haura gigabait talatin na wuni ɗaya. Wannan shi ne kuɗin da RAW yake karɓa a hannunka: wurin ajiya, lokacin kwafa, kwamfuta mai ƙarfi, da daren da za ka raba kana gyara. Ina da faifan ajiya biyu da nake zuba kowane aiki a cikinsu, kuma duk shekara sai na sayi wani.

Na jawo wa yarona kujera, na buɗe hoton dattijon nan a Lightroom, manhajar gyaran hoto. Na fara da JPEG ɗinsa tukuna don ya gani da idonsa. Na ja haske sama. Fuskar ta fito, amma wace irin fitowa? Kumatu sun yi dabbare-dabbare, launin fata ya koma toka-toka da ɗigon ja da kore, gefen hula ya farfashe zuwa ƙananan murabba'ai. Sai na buɗe ɗanyen. Na ƙara haske kusan mataki biyu da rabi, na ɗaga inuwa, na danne farin riga kaɗan. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ga tamojin goshinsa, ga furfurar gemunsa ɗaya-ɗaya, ga ƙwallar nan a gefen idon hagu tana ƙyalli, ga zaren aska takwas bai ɓata ba. Ango ya sunkuyar da kai, idonsa a rufe. Yarona ya yi shiru, can ya ce, "Oga, dama duk wannan yana ciki?"

Yana ciki. Na yi masa bayani yadda ni ma aka yi mini. Farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara ba ya ganin launi da kansa. An lulluɓe shi da ƙananan matatai, a kowane huɗu biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, tsarin da wani ma'aikacin Kodak mai suna Bryce Bayer ya ƙirƙiro, aka yi masa rajista a 1976. Ɗanyen fayil shi ne lissafin hasken da kowane ɗigo ya karɓa, ba a taɓa shi ba. A kyamarata kowane ɗigo yana iya bambance matakin haske 16,384 tsakanin baƙi da fari. Idan za ta yi JPEG, sai kyamara ta haɗa launukan da kanta, ta yanke shawarar mene ne fari, ta ƙara kaifi, sannan ta tattara waɗancan matakai su koma 256 kacal a kowane launi. Daga nan ta yanyanka hoton gida-gida, ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance, ta zubar da abin da take ganin ido ba zai lura da rashinsa ba. Tun 1992 aka fitar da wannan tsari, kuma dabara ce mai ban mamaki, shi ya sa har yau duniya take amfani da shi. Sai dai abin da aka zubar ya tafi. Cikin inuwa kuwa, inda fuskokinmu suke faɗawa da rana tsaka, matakan da suka rage 'yan kaɗan ne, da ka ja su sai su tsage. Murabba'an da ya gani a gefen hula su ne gidajen nan na takwas-takwas.

Na kuma nuna masa inda RAW ɗin ma ya gaza, don kada ya ɗauka magani ne na kowace cuta. Akwai hoton abokan ango da na buɗe haske ya yi yawa, kafaɗar mutum biyu ta ƙone fari fat. Na ja, na ja, babu abin da ya dawo, domin ɗigon da ya cika ya tumbatsa ba shi da sauran labari. Akwai kuma wanda hannuna ya motsa, ya yi dishi-dishi. Shi ma sai shara.

Sannan muka zo kan hoton kaka. Tsarinsa ya fi duk abin da na ɗauka a wurin kamun kyau: hannun tsohuwa, goshin amarya, mayafi ya zubo. Amma fitilar shanshanbale ta wanke su duka, kyamara kuma ta riga ta gasa wannan launin a cikin fayil ɗin. A ɗanyen fayil, daidaita fari umarni ne kawai da ke rubuce a gefe, kana iya canza shi bayan shekara goma ba tare da hoton ya yi asarar komai ba. A JPEG an riga an gama. Na rage shanshanbalen, fata ta koma kore. Na gyara koren, mayafin ya yi layi-layi kamar an zana da alli. Mun fi minti arba'in a kansa. Daga ƙarshe na mayar da shi baƙi da fari, ya yi kyau, har zai shiga albam. Amma jan lallen da ke tafin hannunta, wanda shi ne ya fara jan idon yaron har ya ɗaga kyamara, babu shi.

Ya ce, "Oga, ka yi haƙuri." Na ce masa babu laifinsa ko kaɗan, ni na ce ya mayar da ita JPEG, saboda kati. Kuɗin babban kati bai kai abin da muka kashe a adaidaita da abinci a bikin nan ba.

Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, yana da wata tsohuwar akwatin ƙarfe cike da ambulan, kowace da nagatif a ciki, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga shi, da kwanan wata a bayanta. Ina yaro na sha ganin mutum ya zo bayan shekaru yana neman a sake wanke masa hoton mahaifinsa da ya rasu, maigida ya tsuguna ya yi ta bincike har ya zaro. Yau da na ga tsohuwar nan ana riƙe da ita, akwatin nan ce ta faɗo mini. Abu ɗaya da yake damuna da namu nagatif ɗin na zamani shi ne kowane kamfani da irin nasa: Nikon na da NEF, Canon na da CR2 da CR3, Sony na da ARW. Adobe ta fito da DNG a 2004 don a samu tsari ɗaya da kowa zai iya buɗewa, ga kuma manhajoji na kyauta irin su darktable da suke karanta yawancinsu. Duk da haka, duk hoton da na gama gyarawa ina fitar da JPEG mai cikakken inganci in ajiye kusa da ɗanyensa, saboda shi na tabbata jikokin amaryar nan za su iya buɗewa.

Gobe da la'asar za a kai amarya, kuma an ce kakar za ta raka ta har ɗakinta. Na zaro katina na ajiya mai gigabait 64 na sa a kyamarar yaron, na saita ta tana ɗaukar RAW da JPEG tare, na nuna masa inda zai duba ya tabbatar bai sauya ba. Ya tafi gida da ita a jakarsa. Hoton dattijo da ango kuma na fitar da shi daban, da safe zan biya in bayar a wanke shi babba, in kai wa yayan amarya kafin motoci su tashi.